Ƙofar Kuyambana da Kullen Korona

A ranar 26 ga Maris, 2020, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sa dokar hana fita ba dare ba rana a Jihar Kaduna saboda cutar korona. Kwana biyu bayan haka shi kansa gwamnan ya sanar cewa ya kamu. Aka rufe kasuwanni da tashoshin mota, Kwangila ta Zariya da ba ta barci ta yi tsit.

A Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zazzau, abin ya fi taɓa mai neman na yau da gobe. Ɗan acaɓa ya jingine babur a zaure, direba da kwandasta da ɗan kamasho suka zauna gida, mai ɗinkin babbar riga kuma ya gama aiki ba hanyar kai wa Kano ko Kaduna. Ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, lokacin da tela ya saba kwana kan keke saboda ɗinkin Sallah.

Gwamnati ta ware ranakun fita sayen abinci a mako, ta buɗe kasuwannin wucin gadi a filayen makarantu. Amma sayayya sai da kuɗi a hannu. Abin da ya riƙe gidaje da yawa shi ne zumunci: kwanon tuwo daga maƙwabta, bashin mai shago, zakka da taimakon 'yan uwa.

Sai 1 ga Yuli aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi. Saboda haka, ya kamata ƙungiyoyin direbobi da na teloli su kafa asusun ko-ta-kwana tun yanzu, hukuma kuma ta tanadi abincin talaka kafin ta ce ya zauna gida.