Kundin Zanen Wuyan Riga: Ina Yake, Yaya Za a Farfaɗo da Shi?



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin wuyan riga irin na da, da hanyar da za a bi a mayar da shi hannun masu ɗinkin Fagge da Sabon Gari ba tare da an gurɓata shi ba. Wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da allura da zare? Ina fata kafin in zauna amsar za ta fito.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Kwanan baya na shiga shagon wani matashi a Fagge, na tarar wani dattijo ya kawo masa rigar kakansa, saƙi ce mai aska takwas, asu ya cinye gefenta, yana so a fitar masa da irinta. Yaron ya ɗauki hotonta da waya, ya zuba a kwamfuta, kafin la'asar inji ya gama abin da a da yakan ci watanni. Aiki ya yi tsaf, amma asaken duk sun fito tsayi ɗaya, tambarin kuma ya tsuke. Na tambaye shi sunan zanen, sai ya gaya mini lambar da ya ba shi a kwamfuta. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa ba shi littafin da zai duba.

To, akwai littafin kuwa? A ƙasashen Turai an fara buga littattafan zanen surfani tun wajen 1523 a birnin Augsburg na Jamus, saboda haka mai son tayar da tsohon zane a can sai ya buɗe shafi ya ƙirga zare. Mu namu ba haka yake ba. Riga takan bi hannuwa da yawa: masaƙi ya saƙa sawaye, maɗinki ya haɗa su, sa'an nan a kai wa mai zane, wanda galibi malami ne ko almajiri da hannunsa ya faɗa da rubutu. Shi kuwa da alƙalami da tawada yake zanawa a jikin tufar kanta. Mai aiki ya bi sawun tawadar da zaren tsamiya ko na auduga har ya rufe ta. Wato duk rigar da aka gama ta binne zanenta ke nan. Wannan ne ya sa zane a takarda ya yi ƙaranci ƙwarai.

Amma bai rasu gaba ɗaya ba. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya buga maƙala a mujallar Savanna a 1972 a kan wani tarin zane-zanen surfani daga nan Kano, ya kuma bayyana shi da cewa tari ne da ba kasafai ake samun irinsa ba. Shi ne ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala kundin digirinsa na uku a kan surfanin tufafin Hausawa a 1979. Idan baƙo ya samu wannan, to, ba shakka akwai saura a cikin gafaka da tsofaffin akwatuna, a cakuɗe da hatimai da takardun gado, masu su ba su san darajarsu ba.

Saboda haka ni a ganina kundin zanenmu kashi uku ne, kuma ɗaya ba ya wadatarwa sai da sauran.

Na farko shi ne takarda. Ita ke nuna yadda mai zane ya yi tunani: inda ya fara, inda ya goge, yadda ya raba fili. A nan ne mutum zai ga dangantakar gidan biyar da hatimin malamai, da kuma kamar da ke tsakanin dagi da zayyanar da ake yi wa Alƙur'ani rubutun hannu. Hannu ɗaya ne ya yi su.

Na biyu shi ne tsohuwar riga. Takarda ba ta faɗin kaurin zare, ba ta faɗin yawan sukar allura. Sai an juya rigar an dubi bayanta. A jikinta ne za a ga aljihu a hagu ya ɗauki nauyin aiki, tambari a ƙirjin dama da kuma baya, asake takwas kuwa ba jere suke ba, rukuni-rukuni ne, kowane da tsayinsa. Wannan rashin daidaito da gangan aka yi shi. Irin waɗannan riguna da yawa suna gidajen tarihi na Ingila da Jamus. Ba abin mamaki ba ne, tun da Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin birnin nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Lokacin da nake karatu a waje na ga wata a ajiye, an rubuta ƙasarta da tsawonta, amma ba a rubuta sunan zanen ba.

Wannan ya kawo mu kashi na uku, wanda shi ne amsar tambayar da na fara da ita, wato bakin mai aiki. Aska biyu, aska takwas, malum-malum, kwaɗo da linzami, sharaba, shafi, barage, alharini: kowace kalma a nan umarni ce. Da mai zane ya ji "aska biyu" ya san yawan aiki da kuɗinsa da matsayin mai sawa. Idan sunan ya faɗi, ma'aunin ya bi shi, sai a wayi gari da siffa ba ma'ana. Tattara waɗannan kalmomi aikinmu ne mu masu nazarin Hausa, kuma kowane tsohon mai aiki da aka kai makwanci ya tafi da nasa shafin.

Me ya sa na ce Fagge da Sabon Gari? Domin can sana'ar take da rai. Fagge zangon fatake ce tun da, yanzu ga Kantin Kwari a gefenta, inda ake yankan shadda. Sabon Gari kuwa, da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, a kasuwarta maɗinka da yawa ke sayen zare da kayan keke. Zanen da bai shiga waɗannan shaguna ba, ya mutu ko da yana cikin gilashi. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 kuma ta isa ta tuna mana cewa abin da yake kwafi ɗaya a dare ɗaya yake tafiya.

Shawarata guda huɗu ce. A roƙi gidajen da suka gaji wannan sana'a su bari a ɗauki hoton takardunsu, asalin ya zauna wurinsu. A auna tsofaffin riguna ciki da baya, da awon zamani da kuma taƙi da yatsa irin na masu aiki. A naɗi muryar dattawa suna kiran kowane sashe da sunansa. Sa'an nan a haɗa duka a littafi ɗaya cikin Hausa, da boko da ajami, a ajiye a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a kuma sayar da shi da araha a bakin shagunan ɗinki.

Ba ina kira a jefar da inji ba ne. Talaka ma yana son riga mai aiki ranar salla, inji ne ya kawo masa ita. Abin da nake nema shi ne a ba injin zane na gaskiya, a ba yaron nan na Fagge suna a madadin lamba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san tulun da take ciki.