Shaidar Ido da Iyakarta: Darasi Daga Fashin Jirgin Sama na 1971 a Amurka

 

Mai girma shugaban taro, malamaina, alƙalai da lauyoyi da jami'an tsaro da ke zaune a nan, ɗalibai maza da mata. An nemi in yi magana a kan shaidar ido, wato maganar mutumin da ya tsaya gaban hukuma ya ce shi ya gani. Zan ɗora bayanina a kan fashin jirgin sama da aka yi a Amurka a 1971, wanda har yau ba a san wanda ya aikata shi ba. Mu ma mun taɓa ganin fashin jirgi, domin a Oktoban 1993 wasu samari huɗu sun karkatar da jirgin Nigeria Airways daga hanyar Legas zuwa Abuja suka kai shi Yamai, amma su an kama su a cikin jirgin, babu gardama a kan ko su wane ne. Ɗan fashin na Amurka kuwa ya yi awanni yana zaune da shaidu, fuskarsa a buɗe, yana hira da su, sannan hukumar FBI ta yi shekara 45 tana nemansa ba ta samu ba.

Abin da ya faru

Ranar Laraba 24 ga Nuwamba 1971, wani mutum ya sayi tikitin dala 20 a filin jirgin Portland da ke jihar Oregon, ya ce sunansa Dan Cooper. A lokacin ba a tambayar katin shaida, ba a kuma bincika jaka. Ya shiga jirgin Northwest Orient mai lamba 305, ƙirar Boeing 727, mai zuwa Seattle, ya zauna a layin ƙarshe. Da jirgi ya tashi sai ya miƙa wa ma'aikaciyar jirgi Florence Schaffner takarda cewa yana ɗauke da bam, ya buɗe jakarsa ta ga jajayen sanduna da wayoyi da batir. Ya nemi dala 200,000 da lemar sauka guda huɗu.

Jirgin ya yi kusan awa biyu yana shawagi kafin a haɗa kuɗin, takardun dala 20 guda 10,000, waɗanda aka ɗauki hoton lambobinsu. A Seattle ya karɓi kuɗi da lema, ya saki fasinjoji 36 da ma'aikata biyu. Ya ce a nufi Meziko, kada a wuce ƙafa 10,000, a bar tayoyi a sauke, aka yi yarjejeniya za a sha mai a Reno. Jirgi ya tashi da misalin 7:40 na dare. Ya tura ma'aikaciyar da ta rage, Tina Mucklow, ɗakin matuƙa, ya saura shi kaɗai. Wajen 8:13 matuƙa suka ji wutsiyar jirgin ta yi tsalle. Da suka sauka a Reno, matakalar baya tana buɗe, babu shi babu kuɗin. Ya yi tsalle cikin duhu da ruwan sama a kan dazukan kudu maso yammacin jihar Washington.

Ya bar baƙin nektayi, da lema biyu, da guntayen sigari takwas. A Fabrairun 1980 wani yaro ɗan shekara 8 ya tono dala 5,800 da suka fara ruɓewa a bakin kogin Columbia, lambobinsu suka dace da na kuɗin fansar. A Yulin 2016 FBI ta dakatar da binciken. Ko sunan da duniya ta san shi da shi, D.B. Cooper, kuskuren ɗan jarida ne: 'yan sanda sun yi wa wani mai wannan suna tambayoyi suka sallame shi, labari ya gauraya, sunan ya manne.

Me shaidu suka ce?

Jama'a, nan ne nake so mu daɗe. A daren da abin ya faru aka yi wa ma'aikatan nan biyu tambayoyi, Schaffner a Seattle, Mucklow a Reno, ba su sami damar haɗa baki ba. Bayaninsu ya zo kusan ɗaya: Bature ne mai kimanin shekara 45, tsayinsa tsakanin ƙafa 5 da inci 10 zuwa ƙafa 6, nauyinsa fam 170 zuwa 180, fatarsa ta ɗan yi duhu, gashinsa baƙi a taje baya, yana sanye da kwat mai duhu da farar riga. Mucklow, wadda ta fi kowa daɗewa kusa da shi, ta ce mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya.

Fasinjoji kuma suka zo da ɗan bambanci. Wasu sun ce bai kai haka tsayi ba, wani ya ce gashinsa yana da lanƙwasa. Babu maƙaryaci a cikinsu. Fasinjojin ba su ma san ana fashi ba, an gaya musu wata 'yar matsalar inji ce ta hana sauka, saboda haka babu abin da zai sa su ƙura wa wani mai kwat ido. Ma'aikatan sun sani, amma rabin hankalinsu yana kan jakar da ke iya tashi da su. Mutumin ya yi mafi yawan lokacin a zaune, ga shi kuma ƙiyasta tsayin wanda ke zaune abu ne mai wuya. Ba da daɗewa ba kuma ya sa baƙin tabarau.

Sai aka zo kan zanen fuska. Na farko ya fito cikin 'yan kwanaki, mutane suka ce ya yi kama da mawaƙi Bing Crosby, shaidu kuma suka yi ƙorafin bai yi kama da wanda suka gani ba. A ƙarshen 1972 aka yi na biyu, aka sake gyara shi a Janairun 1973. In ka jera na farko da na ƙarshe za ka ɗauka mutum biyu ne. Ku lura da tazarar: fiye da shekara guda ta wuce, kuma a cikinta an nuna wa shaidun nan hotunan mutane masu ɗimbin yawa.

Muna cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne, sai dai abin da ido ya gani ba ya zama yadda yake a cikin ƙwaƙwalwa. A 1974 masana halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya da lafazin cewa motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta gudu mai yawa, kuma bayan mako guda sun fi sauran cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Tambaya kawai ta sauya abin da suka tuna. A jihar North Carolina, wata ɗaliba da aka yi wa fyaɗe a 1984 ta nuna Ronald Cotton da cikakken yaƙini, ya yi fiye da shekara 10 a kurkuku kafin gwajin DNA ya wanke shi a 1995. Ƙungiyar Innocence Project ta gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda DNA ta wanke a Amurka, kuskuren shaidar ido na cikin abin da ya kai su gidan yari.

Kada wannan ya sa mu raina shaida. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa bayanin farko, wanda aka ɗauka da wuri, kafin a nuna hoto ko a ji ta bakin wani, yana da nauyi ƙwarai. Abin da ke lalacewa shi ne na biyu da na goma. Don haka bayanin daren 24 ga Nuwamba ya fi duk abin da aka faɗa bayansa daraja.

Gardamar waɗanda ake zargi

A shekara biyar na farko FBI ta duba mutum fiye da 800, ta cire kowa sai wajen 24. Wanda ya fi shahara shi ne Richard McCoy, tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Biyetnam. Ranar 7 ga Afrilu 1972 ya yi fashin jirgin United, shi ma Boeing 727, ya karɓi dala 500,000, ya sauka da lema a jihar Utah. An kama shi bayan kwana biyu, aka yanke masa shekara 45, ya tsere daga kurkuku a 1974, aka harbe shi a musayar wuta da jami'an FBI. Salon aikin iri ɗaya ne, har a 1991 aka wallafa littafi mai cewa shi ne Cooper. Amma McCoy ɗan shekara 29 ne, kuma ma'aikatan jirgin da Cooper ya yi wa fashi da aka nuna wa hotonsa sun ce ba shi ba ne. Kamancin salo ma ba hujja ba ne, domin a 1972 mutum fiye da goma sun kwaikwayi dabarar bayan sun ji ta a labarai.

Sauran ba zan kira sunayensu ba, tunda babu kotun da ta same su da wannan laifi, kuma suna da dangi. Akwai wani ma'aikacin kamfanin Northwest Orient, tsohon sojan lema, wanda ɗan'uwansa ya zarge shi bayan rasuwarsa, amma ya gaza bayanin shaidu a tsayi da nauyi. Akwai wanda ya gaya wa matarsa a gadon ajali a 1995 cewa shi ne, amma zanen yatsunsa bai dace da na cikin jirgi ba. Akwai ƙwararren mai sauka da lema da ya taɓa aiki a Boeing, sai dai idonsa shuɗi ne, bayanin shaidu kuwa ya ce ruwan ƙasa. Akwai wani tsohon soja ɗan shekara 28 da aka yi ta bi da kyamara har ƙarshen rayuwarsa.

Ku duba yadda masu gardamar ke aiki. Kowa yakan fara da mutuminsa, sannan ya koma ga shaida ya lanƙwasa ta. Mai gajeren mutum sai ya riƙe maganar fasinja ya saki ta ma'aikata. Mai saurayi sai ya ce ai kwalliya ya yi don ya tsufa. Mai shuɗin ido sai ya ce ai da tabarau. In zanen farko bai dace ba a ɗauko na biyu. Ko a kan ƙwarewar Cooper an rabu biyu. Wasu na cewa gwani ne, don ya san tsarin jirgin, ya kuma gane garin Tacoma daga sama. Wasu jami'an FBI na cewa ba gwani ba ne, don ya yi tsalle da dare cikin ruwa da takalmin ofis, kuma ɗaya daga cikin lemar da ya ɗauka ta koyarwa ce, an ɗinke ta ba ta buɗewa.

Hausawa sun gama magana: kama da wane ba wane ba ne. Bature mai shekara 45, matsakaicin jiki, mai baƙin gashi, a Amurkar 1971 miliyoyi ne. Bayanin siffa rariya ne: yana zubar da wanda bai dace ba, amma duk wanda ya saura a ciki har yanzu ana bukatar wata hujja daban kafin a ce shi ne. FBI ta yi amfani da shi wajen cire mutane, masu gardama kuma suna so su yi amfani da shi wajen ɗaure mutum.

Hujjar da za ta raba gardamar fa? Guntayen sigarin nan, da yau za a iya ciro DNA daga yawun da ke jikinsu, sun ɓace daga hannun hukuma. An samu ɗan ɓangaren DNA a jikin nektayin, amma babu tabbacin nasa ne. Masu bincike masu zaman kansu sun gano ɓurɓushin ƙarfen titaniyom a jikinsa, suka ce mai yiwuwa mai shi ya yi aiki a masana'antar ƙarfe ko ta sinadarai. Wannan ma yana rage yawan waɗanda za a duba ne kawai.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa jami'an tsaro, ku ɗauki bayanin shaida a ranar, kowa shi kaɗai, da kalmominsa, ku rubuta har da yawan yaƙininsa. In za a jera mutane don ya nuna, jami'in da ke tsaye kada ya san wane ne ake zargi, a kuma gaya wa shaidan cewa mai yiwuwa mai laifin ba ya cikinsu. Al'adar gabatar da waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida kafin shari'a tana ɓata shaida, domin wanda ya ga fuska a talabijin zai iya rantsewa cewa a wurin laifin ya gan ta. Ku adana kayan da aka tsinta ko da sun yi kama da shara, saboda kimiyyar gobe za ta karanta abin da ta yau ta kasa.

Ranku ya daɗe alƙalai, malaman fiƙihunmu sun daɗe da sanin raba shaidu a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, sun kuma san cewa shubuha tana kawar da haddi. Ku tambayi shaida yaushe ya fara nuna wanda ake tuhuma, a wane hali, kuma me aka nuna masa kafin nan.

Mu kuma sauran jama'a, mun san abin da ihun ɓarawo ke jawowa a kasuwa da tasha. Mutum ɗaya ya ce ya yi kama da shi, kafin a tambayi komai an kashe ɗan wani. Hoton da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp ana cewa ga mai garkuwa da mutane, shi ma ihun nan ne. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Hukumar da ta yi shekara 45 tana nema ta yarda ta bar fayil babu suna, maimakon ta cike shi da sunan wanda ba ta da hujja a kansa. Ina roƙon ɗalibanmu da za su zama 'yan sanda da lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida su koyi wannan haƙuri, domin in aka ɗaure marar laifi an yi zalunci biyu: an cuci wanda aka ɗaure, an kuma daina neman mai laifin na gaskiya.

Allah Ya sa mu yi adalci a abin da muka gani da abin da muke faɗa.