Kalmar Sirri da Tsaron Kwamfutar Mutum: Yadda Ake Zaɓa da Yadda Ake Riƙewa

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan tsaron bayanai

Tsakure

Wannan takarda ta duba kalmar sirrin da mutum ke shiga kwamfutarsa da ita: asalinta, yadda ake karya ta, da yadda ya kamata a zaɓe ta a kuma adana ta. Matsayar takardar ita ce, kalmar sirri ba ta tsare kwamfuta sai ta cika sharuɗɗa uku: ta yi tsawo, ta zama ta wannan kwamfuta ce kaɗai, sannan a kulle ma'ajiyar bayanan da ke bayanta.

1.0 Gabatarwa



A cikin kwamfutar malamin jami'a akwai tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. A cikin ta ɗan kasuwa akwai lissafin waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke bin sa. A cikin ta ɗaliba akwai kundin digirinta, da hoton takardar NIN, da hotunan gida waɗanda ba na idon kowa ba ne. Burauza kuma ta riga ta haddace hanyar shiga imel da Facebook, wani lokaci har da banki. Duk wanda ya wuce allon farko na kwamfutar ya sami waɗannan gaba ɗaya. Amma da yawa daga cikinmu, kalmar da ke tsaron wannan allo ita ce 1234 ɗin da mai shago ya sa mana ranar da muka sayi kwamfutar, ko lambar wayarmu, ko sunan ɗan fari.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta ne a cibiyar MIT ta Amurka a farkon shekarun 1960, a tsarin CTSS da Fernando Corbató ya jagoranta, domin mutane da yawa na aiki da na'ura ɗaya, kowa kuma yana son keɓe fayilolinsa. Ba a daɗe ba aka sace ta. A 1962 wani ɗalibin digiri na uku, Allan Scherr, wanda aka ware wa awa huɗu a mako, ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin kalmomin sirrin kowa, ya riƙa shiga da sunan wasu don ya ƙara lokaci.

A 1979 Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs suka nazarci kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin 100 masu sauƙin cinka ne. Shekara talatin bayan haka, a 2009, aka yi wa kamfanin RockYou kutse aka kwashe kalmomin sirri kimanin miliyan 32, kuma wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce 123456. Na'urori sun canza matuƙa a tsakanin waɗannan shekaru, halin ɗan Adam wajen zaɓen kalma kuwa yana nan yadda yake.

3.0 Yadda Ake Karya Kalmar Sirri

Hanya ta farko ita ce cinke, kuma mai yin ta galibi na kusa ne: abokin zama a ɗakin makaranta, abokin aiki, ƙanin gida. Ya san shekarar haihuwarka, ya san sunan maiɗakinka, ya san ko kai ɗan Kano Pillars ne ko ɗan Arsenal. Wani ma ba ya buƙatar cinke, tsayawa kawai zai yi a bayanka ya kalli yatsunka.

Hanya ta biyu ta na'ura ce. Kwamfuta ba ta ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Tana juya ta da lissafi zuwa wani jerin lambobi, shi take ajiyewa. Idan mai kutse ya sami wannan jeri, sai ya sa na'urarsa ta riƙa gwada kalmomi tana juya su tana kwatantawa, kuma na'urorin yanzu na iya gwada biliyoyi cikin daƙiƙa guda. Suna farawa ne da jerin kalmomin da aka taɓa sacewa, irin na RockYou, sannan sunaye da shekaru.

A nan lissafi yake shigowa. Lambobi huɗu hanyoyi 10,000 kawai ake iya jera su. Ƙananan haruffa takwas na boko suna ba da sama da biliyan 208, adadin da ke da girma a kunne amma na'ura na gamawa da shi cikin ƙanƙanin lokaci. Kowane harafi ɗaya da aka ƙara yana ninka aikin sau 26, saboda haka haruffa 12 sun fi takwas wahala sau 456,976. Tsawo shi ne ƙarfin kalmar sirri.

Hanya ta uku ita ce maimaici. Wanda ya sa kalma ɗaya a kwamfuta da imel da wani shafin sayayya, ranar da aka yi wa shafin kutse duk sauran sun tafi. Kutsen LinkedIn na 2012 ya shafi asusu sama da miliyan 100, na Yahoo na 2013 kuwa biliyan 3. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013, yana nuna wa mutum ko adireshin imel ɗinsa na cikin waɗanda aka kwashe.

4.0 Zaɓen Kalmar Sirri

An daɗe ana koya mana cewa sai kalma ta haɗa babban harafi da lamba da alama, kuma a riƙa canza ta lokaci-lokaci. Wannan shawara ta yaɗu ne daga wata ƙa'ida da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a farkon shekarun 2000. Abin da ta haifar shi ne, mutum ya rubuta Musa@2023, idan shekara ta juya ya mayar da ita Musa@2024. A 2017 hukumar ta sauya matsaya: ta ce a daina tilasta gauraya alamomi, a daina tilasta canji sai in akwai alamar an sace kalmar, a kuma bar mutane su sa doguwa har haruffa 64. A wannan shekara ta 2017 Bill Burr, wanda ya rubuta tsohuwar ƙa'idar, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta.

Hanya mafi sauƙi ita ce haɗa kalmomi biyar ko shida waɗanda babu abin da ya haɗa su, kamar tukunya-jirgi-rairayi-goro-damina. Wannan ya haura haruffa 30, kuma ana haddace shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Misali ne kawai. Tunda an faɗe shi a bainar jama'a, kada kowa ya ɗauka. A guji karin magana, da baitin waƙa, da addu'ar da kowa ya sani, domin abin da ke bakin jama'a yana iya kasancewa a jerin masu kutse. A kuma yi hattara da ɓ da ɗ da ƙ: allon shiga kwamfuta yana iya buɗewa da madannan Ingilishi waɗanda ba su da waɗannan haruffa, sai mutum ya kulle kansa a waje.

5.0 Abin da Kalmar Shiga Ba Ta Yi

Wannan ne sashen da aka fi sakaci da shi. Kalmar shiga Windows tana hana mutum wucewa ta allon farko ne kawai. Ɓarawon da kwamfutar ke hannunsa zai iya kwance ma'ajiyarta ya jona a wata kwamfuta, ko ya tayar da ita daga filashi, ya karanta fayiloli ba tare da an tambaye shi komai ba. Kamar gida ne da aka sa wa ƙofarsa kwaɗo alhali katangar baya ta zube.

Maganin wannan shi ne kulle ma'ajiyar kanta, yadda duk abin da ke ciki zai koma rubutun da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. A Windows sunan wannan tsari BitLocker, a Mac FileVault, a Linux LUKS, kuma suna zuwa ne da tsarin kwamfutar, sai dai ba kowane nau'in Windows ne ke da cikakken BitLocker ba. Idan aka kunna BitLocker yana ba da mabuɗin ceto mai lambobi 48. Wajibi ne a rubuta shi a takarda a ajiye nesa da kwamfutar, domin in ya ɓace kuma kwamfutar ta nema, babu mai gyaran da zai iya dawo da bayanan.

Lambar PIN ta Windows Hello da shiga da zanen yatsa suna da kyau, domin a ɗaure suke da wannan na'ura kaɗai, kuma tana dakatar da mai yawan gwaji. Sai dai a sa lambobi shida ko fiye, a kuma ci gaba da tuna ainihin kalmar sirrin.

6.0 Riƙon Kalmar Sirri

Mu mutane ne masu kara. Yaya ko maigida ya ce a ba shi kwamfuta ya duba wani abu, da wuya a hana shi. Ba sai an hana ba: a buɗe asusu na biyu marar cikakken iko domin baƙi da yara, mai kwamfutar ya riƙe nasa. Haka in za a kai ta gyara, a buɗe wa mai gyara asusun wucin gadi. In kuwa dole ta sa aka ba shi kalmar, a canza ta ranar da aka karɓo. Wanda ya sayi kwamfutar hannu ya goge komai ya sake ɗora tsarin kafin ya zuba bayanansa.

In za a tashi, ko alwala za a je, a danna madannin Windows tare da L, allon zai kulle nan take. A kuma saita ta ta riƙa kulle kanta bayan 'yan mintuna.

Sauran kalmomin, na imel da shafuka, a zuba su a manhajar adana kalmomin sirri irin su Bitwarden ko KeePass, a kuma kunna tabbaci na biyu a imel, domin ta imel ake sake saita kusan komai. Rubutawa a takarda ba laifi ba ne in takardar na cikin akwati mai makulli; laifin shi ne manna ta a jikin kwamfutar.

Akwai kuma batun mutuwa. Mutum na iya rasuwa lissafin bashi da takardun filaye na kulle a kwamfutarsa, magada su rasa yadda za su yi. Ya dace a rubuta kalmar da mabuɗin ceto a ambulan, a liƙe, a ajiye tare da wasiyya ko wurin amintacce.

Ga masu riƙe bayanan wasu, likita ko lauya ko shugaban makaranta, abin ya wuce zaɓi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma tun kafin doka, amana ce.

7.0 Kammalawa

Duk abin da aka zayyana a nan ba ya buƙatar sayen sabuwar na'ura, kuma ana gama shi a zama ɗaya. Kirana ga mahalarta shi ne, yau in kun koma gida ku canza kalmar shiga zuwa doguwa wadda ba ku sa a ko'ina ba, ku kulle ma'ajiya, ku adana mabuɗin ceto, ku buɗe wa iyali nasu asusun. Ga makarantu da ma'aikatu kuwa, su daina tilasta wa mutane canjin kalma babu dalili, su koya musu tsawaita ta. Allah Ya tsare mana amanarmu.