Motar Da Ta Taɓa Tafasa

Ga kakar rake ta matso, waɗansunku kuwa suna shawarar haɗa kuɗi su sayi tsohuwar akori-kura don kai kaya Makarfi da Zariya, watau irin Peugeot 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda aka buɗe ma'aikatar a 1975. To, kafin ku ƙirga kuɗi, ku bincika ko injin ya taɓa tafasa.

Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani faifai, ana ce da shi gaskit. Shi ke raba ruwa da baƙin mai da wuta, kowa da hanyarsa. In zafi ya yi yawa, kan injin ya kan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, sai su gauraya. Fenti ba ya ɓoye wannan.

Ku tafi da sassafe, kada ku yarda a ta da inji kafin ku isa. Ku zaro sandar awon baƙin mai. In ya yi kama da shayi da madara, ruwa ya shiga. Sa'an nan ku buɗe lagireto, a ta da inji, ku zuba ido. Kumfa mai tasowa ba fasawa, iskar wuta ce ke ratsowa. Amma fa sai inji na sanyi. Wanda ya buɗe murfin da zafi, tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska.

Ku zaga baya ku dubi salansa. Baƙin hayaƙi bai cika ba da tsoro ba, fetur ne ya yi yawa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. Shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa, ringi sun cinye. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, shi ne mugun, ruwa ke shiga ɗakin wuta.

Saura silo. Inji mai lafiya ya kan yi ta bugawa daidai yana tsaye. In yana karkarwa yana neman mutuwa, a kwance fulogi duka a jera. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi, 'yan'uwansa kuwa da dauɗa, nan ruwa ke zuba. Waɗansu masu sayarwa su kan ƙara silo don karkarwar ta ɓuya. Ku sa bakanikenku ya mayar da shi daidai, a sake saurarawa, kana a yi maganar ciniki.