A Wanke Suna Kafin a Sayi Gida



Maganar gida ce ta tara mu yau. Dukkanmu mun gaji da haya. Shekara na zagayowa mai gida zai ƙara kuɗi, in ka ce za ka tashi, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya suna jiranka a gaba. Don haka ba mu zo mu hana kowa neman muhalli ba. Abin da muke roƙo shi ne, a fara sauke nauyin mutane tukuna.

Tun da aka kafa Sabon nan ta Ibadan a 1916, ba tsabar kuɗi ce ta riƙe wa kakanninmu cinikin shanu da goro ba, suna ne. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka gun maigida, dillali ya sayar wa mahauci bashi, sai bayan makonni a kawo kuɗi, maigida ne kuma ke tsayawa. In mahauci ya saɓa alkawari sau ɗaya, kafin la'asar labari ya game kara, ko akuya ba mai sake ba shi. To jama'a, wannan lissafi da dillalai ke riƙewa a ka, yanzu ya koma cikin kwamfuta, ita kuwa ba ta mantuwa, ba ta kuma jin kunyar surukinka.

Daga 2014 aka fara ba masu ajiya a banki lambar BVN. Akwai kamfanoni uku da Babban Banki ya ba lasisin tattara tarihin bashin mutane, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, dokar 2017 kuma ta ba kowa damar neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ran da ka je neman rancen gida, wannan rahoto za a fara buɗewa kafin a dubi babbar rigarka. Tun 2020 ma, in ka ci bashin wani banki ka ƙi biya, yana da ikon cirar kuɗinsa daga ajiyarka da ke wani bankin, in dai ka sa hannu kan haka ran karɓa. Da yawanmu kuwa mun sa, ba mu karanta ba.

Matasanmu, ku muka fi ji wa tsoro. Rancen nan na waya, dubu ashirin, dubu talatin, a karɓa da dare a manta da safe. Sai ruwa ya hau kansa, a shiga kiran iyayenka da abokan cinikinka ana ci maka mutunci. Banda haramcin riba da malamai suka sha faɗa mana, wasu daga cikin masu ba da shi suna kai suna ga waɗancan kamfanoni.

Yaya za a yi ke nan? A zauna da biro da takarda a rubuta komai, har bashin mai shago da na yaya da ake cewa "ai na gida ne". Wanda ruwa ke hawa kansa shi za a fara kashewa. Wanda ya fi ƙarfinka, ka taka da ƙafarka ka sami mai shi, ku yanka abin da za ka iya duk wata, a rubuta, a sa shaidu. Ɓuya ba ta rage ko kobo. In ka gama biyan banki kada ka fito sai da takardar shaidar ba a binka komai, sa'an nan ka sake duba rahotonka, don akan sami wanda ya biya amma sunansa na nan cikin masu taurin bashi. Kuskure irin wannan kana da haƙƙin kai ƙorafi a gyara. A kuma yi hattara da tsaya wa mutum. In ya gudu, kai za a kama.

Sai suna ya wanku ake maganar tari. Adashi na nan. Ga Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake zuba kashi 2.5 cikin ɗari na abin da mutum ke samu a wata, ɗan kasuwa ma yana iya shiga, sai dai rancensa da ruwa. Mai gudun wannan ya tuntuɓi bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Su ma fa sai sun duba tarihinka.

Kada kuma a ɗauki jarin kasuwa kaf a zuba a fili. Kuɗin fili daban, na safiyo daban, na takardar mallaka daban, don dokar 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, ga kuma 'ya'yan masu ƙasa da kan ɓullo ran da aka fara haƙa harsashi. Mun ga gini ya tsaya a linta shekara da shekaru, ciyawa ta rufe shi, mai shi kuwa ba jari ba gida. Wanda ya fi ciwo, mutum ya rasu, a zo rabon gado, shari'a ta ce bashi ake fara fitarwa, sai a sayar da gidan marayu na kallo.

Ran Juma'a bayan la'asar kwamiti zai zauna a ofishin ƙungiya. Mai son a taya shi neman rahotonsa ko rubuta wa banki wasiƙa ya zo da lambar BVN ɗinsa da duk takardun da ke hannunsa. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba. Mata kuma ran Asabar da hantsi. Wassalamu alaikum.