Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Dutsen Kilimanjaro a ƙasar Tanzaniya tsayinsa mita 5,895 ne. Masu hawansa domin tara wa marasa lafiya kuɗi sukan yi watanni suna horon jiki, su goya kaya, su hau ƙananan tuddai har ƙafa ta saba da takalmi. Kuɗin ma kaɗan-kaɗan suke nemansa wurin maƙwabta da abokan aiki. Wanda bai shirya ba yakan juyo a rabin dutse.

Haka Manzo Bulus ya umarci Korintiyawa su riƙa ajiye gudummawar matalautan Urushalima kowace Lahadi, kada su jira zuwansa. Ɗan'uwa, me ka ajiye wa mabukaci a makon nan? Ubangiji ya taimake mu. Amin.