Gano Ƙarancin Jini a Tsokar Zuciya ta Hanyar Gwajin ECG

Zuciya tsoka ce mai aiki dare da rana, kuma tana da jijiyoyinta na kanta masu shayar da ita jini. Manyansu biyu ne, ta dama da ta hagu, ta hagun kuma ta rabu gida biyu. Idan kitse ya taru a bangon ɗayansu ya ƙuntata ta, ko gudan jini ya toshe ta, sashen tsokar da ke dogaro da ita zai rasa iskar oksijin. In toshewar ta zama gaba ɗaya, tsokar kan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30, abin da ya mutu kuwa ba ya farfaɗowa. Saboda haka likita na bukatar gwaji mai sauri, mai arha, wanda ba sai an tsaga jiki ba. Gwajin ECG ne ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Kowane bugun zuciya ɗan lantarki ne ke tayar da shi, kuma ana iya jiyo wannan lantarki daga saman fata. Willem Einthoven na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ne ya ƙera na'urar da ta fara zana shi da kyau a farkon ƙarni na 20, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1924. Shi ya raɗa wa tudu da kwarin zanen haruffan P, Q, R, S da T. P na nuna motsin ɗakunan sama, QRS na nuna shigar lantarki cikin ɗakunan ƙasa masu tura jini, T kuma komawarsu hutu. A 1920 Harold Pardee, wani likita a Amurka, ya bayyana yadda zanen ke sauyawa idan jijiyar zuciya ta toshe.

Inda ake zuba ido shi ne ɗan layin da ke tsakanin S da T, wato layin ST. A wannan lokaci ƙwayoyin tsokar duka suna kan caji kusan ɗaya, lantarki ba shi da inda zai kwarara, sai layin ya kwanta sambal. Ƙwayar da ta rasa oksijin kuwa ƙarfinta kan ragu, sinadarin fotasiyam ya riƙa tsiyayewa daga cikinta, cajinta ya bambanta da na maƙwabtanta masu lafiya. Wannan bambanci shi ke ture layin daga mazauninsa. Idan ƙarancin jinin ya tsaya a ɓangaren ciki na bangon zuciya, layin ST kan yi ƙasa, wani lokaci T ya kife. Idan ya ratsa kaurin bangon duka, layin kan ɗaga sama, alamar cewa jijiya ta toshe ruf.

Ana manna wa majinyaci wayoyi 10, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, su ba da mahanga 12, kamar a tsayar da mutum goma sha biyu kewaye da rumbu kowa ya faɗi abin da ya gani ta gefensa. Takardar zanen na tafiya milimita 25 a kowane sakan, tsayin milimita 10 kuma daidai yake da milibolt ɗaya. Ɗagawar milimita ɗaya a mahanga biyu maƙwabtan juna abin lura ne, sai dai a mahangar V2 da ta V3 ma'aunin ya fi haka, yana kuma bin jinsi da shekaru. Wurin da ɗagawar ta fito shi ke tona jijiyar da ta toshe. Mahangar II, III da aVF na kallon ƙasan zuciya, inda galibi jijiyar dama ke shayarwa. V1 zuwa V4 na kallon gabanta, yankin reshen hagu mai gangarowa.

Zane mai kyau ba ya wanke zuciya. Mai ƙuntatacciyar jijiya na iya samun zane lafiyayye muddin yana kwance, shi ya sa ake ɗora shi kan injin tafiya ana ƙara gudu da gangara duk minti uku, tsarin da Robert Bruce ya fitar a 1963. Haka nan ba kowace karkatar ST ce ƙarancin jini ba. Kaurin bangon zuciya sakamakon hawan jini, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa, na iya kawo ta. Kumburin jakar zuciya da maganin digoxin su ma haka. Samari baƙar fata da yawa suna da ɗagaggen ST alhali lafiyarsu ƙalau. Don haka ake haɗa zanen da bayanin majinyaci, da tsohon zanensa in akwai, da gwajin troponin a jini, a kuma maimaita ECG bayan minti 15 zuwa 30 idan ciwon bai lafa ba.

Ƙa'idar da likitocin zuciya suka tsayar ita ce a ɗauki ECG a karanta shi cikin minti 10 da isowar mai ciwon ƙirji, domin daga nan ake yanke shawarar buɗe jijiyar ko ba da allurar narkar da gudan jini. Masu ciwon sukari, tsofaffi da mata sukan zo da haki, gumi, amai ko kasala ba tare da ciwon ƙirji sosai ba. Duk wanda ya ji nauyi a ƙirji mai bin hannu ko muƙamuƙi, kada ya ɗauke shi gyambon ciki ya tsaya shan magani a gida. A garzaya da shi asibitin da ke da na'urar ECG.